Kafin a Sauke Tsofaffin Fitilun Dandamali a Rataya na LED

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi a shafukan jarida ba, duk da cewa ya shafi duk wanda ya taɓa zama a zauren wasan kwaikwayo ya zuba wa dandamali ido. Al'amarin shi ne sabon yayin nan da ake yi yanzu na sauke tsofaffin fitilun dandamali masu ƙwai a maye gurbinsu da fitilun LED. Na shafe shekaru masu yawa ina aikin haska dandamali, na hau tsani na sauka ba adadi, kuma har yau akwai tabon ƙuna a bayan hannuna wanda wata fitila ta bar mini tun ina ɗan koyo, saboda haka ba na cikin masu ƙin rabuwa da tsofaffin kaya don sabo kawai. Ina goyon bayan canjin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga ana gudanar da shi: masu riƙe da kuɗin zaure su zauna da dillali su ƙirga wutar da za a rage, su sa hannu a takarda, alhali ba a nemi jin ta bakin mutumin da zai zauna a teburin sarrafa haske ba, ba a kuma tsayar da ɗan wasa ko ɗaya a ƙarƙashin sabuwar fitilar an dubi fuskarsa ba.

Bari in fara da bayyana abin da ake shirin saukewa, domin mai karatu ya san inda maganar ta dosa. Zuciyar tsohuwar fitila ƙwai ne na gilashi mai jure zafi, a cikinsa akwai siririn zaren ƙarfen tangistin da iskar halojin. Wutar lantarki kan ratsa zaren har ya yi jajir, ya wuce ja ya koma fari, sai ya ba da haske mai ɗumi wanda ma'aunin launinsa yake wajen kelbin 3,200 (kelbin shi ne ma'aunin da ke nuna ko farin haske ya karkata ga ja ko ga shuɗi). Hasken yana da kyau matuƙa, sai dai ɓarnarsa a ɓoye take, domin abin da ke fitowa a matsayin hasken da ido ke gani bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wutar da fitilar ta sha ba, ragowar duk zafi ne. Fitilar nan mai siffar gwangwani da ake kira PAR 64 takan ci wat 1,000 ita kaɗai. Fitilar Source Four, wadda kamfanin ETC na Amurka ya fito da ita a 1992, ta sha yabo a lokacin saboda ta yi gogayya da masu wat 1,000 alhali ƙwanta mai wat 575 ne kacal, amma shi ma wannan ƙwan, irin wanda ya fi haske, an ƙiyasta ransa a kan awa 300 ne, kuma a sanina yakan zaɓi lokacin da zaure ya cika maƙil sannan ya mutu. Dokar farko da ake koya wa yaro a wannan sana'a ita ce kada ya kuskura ya taɓa gilashin ƙwan da yatsa, domin maiƙon hannu zai ƙone a jikinsa ya sa ya kumbura ya fashe.

Sai kuma batun launi, wanda a nan ne tsohuwar fitila ta fi yin asara. Ita farin haske kaɗai ta iya, don haka idan ana son shuɗi ko ja ko kore sai a yanko ledar launi mai jure zafi, wadda muke kira jel, a saka a bakinta. Ledar ba ta ƙara komai, tare sauran launuka take yi ta bar guda ya wuce, kuma duk abin da ta tare zafi yake komawa a jikinta. Akwai shuɗi mai duhu sosai, irin wanda ake nuna tsakar dare da shi, wanda abin da yake bari ya wuce bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ba. Wato mutum ya ƙona wat 1,000 domin ya sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan 'yan kwanaki kuma idan ka zaro ledar za ka tarar tsakiyarta ta koɗe ta yi fari-fari, ta yamutse kamar busasshen ganye, wani lokaci har ta huje, sai ka ga daren da aka tsara a bangon baya ya sami farin tabo a tsakiya. Fitilar LED kuwa shuɗin take haifarwa kai tsaye, ba ta fara yin fari sannan ta zubar da mafi yawansa ba. A wannan fage babu gardama, kuma duk wanda ya ce maka tsohuwar ta fi, son zuciya ne.

Ba yau dandamali ya fara sauya fitila ba, kuma kowane sauyi tsoron gobara na cikin abin da ya ingiza shi. A zamanin fitilar gas, gobarar da ta tashi a gidan wasan Ringtheater na birnin Biyenna a Disambar 1881, lokacin da ake kunna fitilun dandamali, ta hallaka ɗaruruwan mutane. A wannan shekarar ce gidan wasan Savoy na Landan ya koma amfani da ƙwayayen lantarki irin waɗanda Joseph Swan ya ƙirƙira. Lantarkin ma bai kawar da haɗarin baki ɗaya ba, domin a Disambar 1903 tartsatsi daga wata fitila ya kama labule a gidan wasan Iroquois na Shikago, mutane wajen 600 suka rasa rayukansu. Ita kuwa LED, Nick Holonyak ya samar da ja mai ganuwa tun 1962, amma ta daɗe ba ta wuce ɗan ɗigon haske a jikin rediyo ba, sai da masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka cimma shuɗi mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Da shuɗin nan ne aka sami farin hasken LED. Fitilar da za a rataya kusa da labule ba tare da gaban mutum yana faɗuwa ba, wadda ɗan wasa zai tsaya a ƙarƙashinta awa biyu ba tare da kwalliyar fuskarsa ta narke da gumi ba, ni'ima ce wadda sai wanda ya sha zafin ta da ne zai san darajarta.

To amma lissafin da dillalai ke kawowa yana bukatar a sa masa ido. Sukan ce, misali, fitila arba'in masu wat 750 sun kama kilowat 30, idan aka sa LED arba'in masu wat 150 an dawo kilowat 6, saboda haka an rage kashi huɗu cikin biyar. A takarda haka ne. A aikace kuwa babu wasan da ake kunna dukkan fitilu gaba ɗaya a kan cikakken ƙarfinsu daga farko har ƙarshe. Wasu kan yi minti biyar kacal a duk daren, wasu suna rabin ƙarfi, kuma tsohuwar fitila idan aka kashe ta ba ta shan komai. Ita LED ƙaramar kwamfuta ce a cikinta, matuƙar an ba ta wuta tana ɗan sha ko da ba ta haskawa, kuma na ga zaurukan da ake barinsu haka dare da rana saboda ba a tanadi hanyar katse musu wuta ba. Ragin wuta gaskiya ne, haka ma sauƙin da na'urar sanyaya zaure ke samu idan zafi ya ragu, sai dai sau da yawa fitilun da suka fi cin wuta a shekara su ne waɗanda ba wanda ke kula da su: na share-share da gwajin wasa, da na wurin zaman 'yan kallo, da na farfajiya, waɗanda kan wuni a kunne.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi ciwo, shi ne ɗaukar wannan canji tamkar canza ƙwan fitilar ɗaki, a kwance wannan a ɗaura wancan. An taɓa kirana wani zaure, wanda ba zan ambaci sunansa ba, bayan sun sayi sababbin fitilu ashirin da 'yan kai. Mai gyaran wutar da suka ɗauko gwani ne a wayarin gidaje, amma bai taɓa aikin dandamali ba, sai ya sauke tsofaffin ya cusa filogin sababbin a soket ɗin da ya tarar. Waɗannan soket kuwa daga akwatin rage wuta suke zuwa, wanda muke kira dima. Da na isa na tarar ana tura maɓalli sama fitilu suna ƙyaftawa kamar walƙiya, wasu suna wani irin ƙugi, huɗu kuma sun riga sun yi shiru har abada. Shugaban wurin yana ta faɗa wai an sayar musu da jabu, dillali kuma ya ce ba ruwansa tunda an saɓa ƙa'idar da ke rubuce a littafin da ya zo cikin kwali, littafin da na tarar ko ledarsa ba a yage ba.

Dalilin abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta. Dima tana rage haske ne ta hanyar datse wutar lantarki gunduwa-gunduwa sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa, zaren tangistin kuma bai damu ba, domin shi zafi kawai ya sani, idan wuta ta ragu sai ya ɗan huce. Fitilar LED kuwa tana da na'urar da ke karɓar wuta ta tace ta kafin ta raba wa sassanta, kuma wannan na'ura cikakkiyar wuta take so, ba datsattsiya ba. Ko da an tura dima har ƙarshe, ba a rabu da haɗari ba. Abin da ake bukata shi ne a ja mata wuta kai tsaye, ko a cire sassan dima a sa masu kunnawa da kashewa kawai. A nan ma akwai wani tarko, domin a daidai lokacin da aka ba su wuta, waɗannan fitilu kan zuƙi wuta mai yawa na ɗan ƙiftawar ido, ta yadda idan aka jera da yawa a layi guda, makatsin wuta zai faɗi duk da cewa jimillar wat ɗinsu ba ta kai ko rabin abin da layin ke ɗauka ba.

Bayan wayar wuta kuma sai wayar umarni, wadda a da iyakarta daga tebur zuwa akwatin dima, yanzu kuwa dole ta kai ga kowace fitila a inda take rataye. Harshen da ake magana da fitilu shi ne DMX512, wanda ƙungiyar masu fasahar dandamali ta Amurka, USITT, ta tsara a 1986. Layi guda yana ɗauke da tashoshi 512, kowace tasha tana da matakai daga 0 zuwa 255. Tsohuwar fitila tasha ɗaya take ci, domin abu ɗaya ake tambayarta, wato ƙarfin haske. LED mai launuka kuwa takan ci biyar, ko goma, ko fiye da ashirin, gwargwadon yadda aka saita ta. Ƙa'ida ta ce kada a jera fiye da na'ura 32 a kan waya ɗaya ba tare da abin rarrabawa ba, a kuma toshe ƙarshen layin da ɗan marfi mai om 120, in ba haka ba saƙo ya riƙa dawowa baya fitilu su riƙa rawar da ba wanda ya sa su. Teburin nan mai maɓallan turawa ashirin da huɗu wanda ya yi wa zaure hidima shekara da shekaru, a ranar da aka rataya LED ya gama aiki. Na sha ganin an kashe kuɗin duka a kan fitilu, aka wayi gari babu na waya, babu na sabon tebur, babu na koya wa ma'aikaci yadda zai sarrafa shi, sai a saita fitilun a kan launi guda a bar su haka, an sayi doki ana tafiya a ƙasa.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato fuskar ɗan wasa. Mutane ba sa zuwa zaure don kallon bango. Fuska suke kallo, a nan suke karanta fushi da kunya da ƙarya da nadama. Hasken tangistin, kamar na rana da na wutar itace, yana ɗauke da dukkan launuka a jere ba giɓi, kuma ya fi wadata ta ɓangaren ja. Farin LED kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake samu ta hanyar shafa wani sinadari mai ba da ruwan ɗorawa a kan LED shuɗi, kuma mai arahar irinsa yana da ƙarancin ja mai zurfi. Akwai kuma wanda ake haɗawa daga ja da kore da shuɗi, wanda tsini uku ne kawai na launi da manyan giɓi a tsakaninsu. Dukansu biyu idan aka haska farin bango fari za a gani, har mutum ya rantse babu bambanci. Amma kowane abu launin da ya dace da shi yake mayarwa ga ido, idan kuma babu wannan launi a cikin hasken, to ba shi da abin mayarwa.

Na ga wannan da idona a wani gwajin wasa. Wata 'yar wasa baƙa, mai kyawun fata, ta fito a matsayin uwar da ɗanta ya dawo bayan doguwar tafiya, fitowar da ya kamata fuskarta ta cika da annuri. Da ta shigo ƙarƙashin sababbin fitilun sai ta zama kamar an shafa mata toka, leɓɓanta suka yi duhu, kumatunta suka dusashe, ta koma kamar wadda ta tashi daga jinya. Rigarta ja ce mai duhu, amma daga kujerun 'yan kallo sai ta koma kalar ƙasa. Mai kula da tufafi ta taso daga baya tana cewa, "Malam, wannan ba rigar da na ɗinka ba ce." Mai ba da umarni ya juyo ya ce mini in ƙara haske, na ƙara, tokar ta ƙara fitowa. Sai na sa yaro ya hau ya kunna wata tsohuwar fitila guda ɗaya da ta rage a gefe, irin mai gilashin Fresnel, wadda fentinta duk ya ɓare. Nan take jini ya dawo fuskar matar, rigar ta koma ja, zauren ya yi tsit. Baƙar fata ta fi mayar da launukan da ke ɓangaren ja fiye da na ɓangaren shuɗi, shi ya sa hasken da ja ya yi masa ƙaranci ya fi cutar da ita, kuma wannan abu ne da hotunan talla ba za su nuna wa mai saye ba.

Za a ce ai akwai lamba a jikin kwali da ke nuna ingancin launi, wadda ake kira CRI, kuma idan ta haura 90 shi ke nan. Ina jan hankalin masu saye cewa wannan lamba matsakaici ce ta launuka takwas marasa kauri, kuma ja mai kauri, wanda ake wa laƙabi da R9, ba ya cikin lissafin. Fitila na iya samun lamba mai kyau alhali ta faɗi warwas a kan ja. Sabon ma'aunin da ake kira TM-30, wanda ya fito a 2015, yana gwaji da launuka 99, ya kuma fi faɗin gaskiya. Kamfanonin kirki sun san da matsalar, shi ya sa fitilunsu masu daraja ke haɗa launuka biyar zuwa bakwai ko fiye, a ƙara ruwan zuma da kore mai haske da ja mai zurfi don cike giɓin, kuma na yarda cewa mafi kyawunsu a yau sai gwani ne zai bambanta su da tangistin. Amma araha ba ta ado, kuma waɗanda aka fi tallatawa ga ƙananan zauruka an ƙera su ne don wuraren rawa da kiɗa, inda ba wanda ya damu da launin kumatun kowa. Irinsu masu ƙananan idanu da yawa, kowane ido da launinsa, har inuwa mai baki-baki ja da kore sukan jefa a bayan mutum.

Akwai kuma yadda haske ke mutuwa, wanda a wurinmu rabin sana'ar ke nan. Idan aka ja maɓallin tsohuwar fitila ƙasa a hankali, zaren yana hucewa ne, hasken ya tashi daga fari ya koma ruwan zuma, ya koma ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa, sannan duhu ya rufe ba tare da an san lokacin da ya shigo ba. Marubuta da masu ba da umarni sun gina ƙarshen fitowa da yawa a kan wannan, ko sun sani ko ba su sani ba. LED mai araha ba ta san wannan ladabi ba: launinta ba ya sauyawa, tana sauka ne tsalle-tsalle kamar mai gangara matakala, idan ta zo ƙasa kuma sai ta ɗauke ɗif. Matakai 256 sun ishi zaren da ke shanye tsallen da kansa, amma ba su ishi LED ba, wadda ke bin umarni nan take. Shi ya sa masu kyau ke haɗa tasha biyu su ba da matakai 65,536, wasu kuma an koya musu kwaikwayon jan nan na tangistin. Ban da wannan, yawancinsu suna rage haske ne ta hanyar kunnuwa da mutuwa da saurin da ido ba ya kamawa, amma kyamara tana kamawa, sai a ga ratsi-ratsi suna yawo a hoton bidiyo. Sai fankar da ake sa wa fitilun LED da yawa don sanyaya su. Fitila ɗaya ba a jin fankarta, amma talatin a saman kan 'yan kallo, a daidai lokacin da ɗan wasa ya yi shiru don maganarsa ta ratsa zukata, sai ka ji zauren yana huci kamar ɗakin injin.

Game da tsawon rai, awa 50,000 da ake yawan rubutawa ba alƙawari ba ne cewa fitilar za ta kai haka lafiya lau. Ƙiyasi ne na lokacin da hasken ƙwayoyin zai ragu zuwa kashi 70 cikin ɗari, kuma tun kafin nan fanka ko na'urar karɓar wuta na iya gajiyawa, musamman inda ƙura ta toshe kafofin iska ko wuta ke yawan hawa da sauka. Tsohuwar fitila ƙarfe ce da gilashi da waya. Da sukudireba da sabon ƙwai na tayar da waɗanda suka girme ni. Sabuwar idan ta lalace sai an nemo allon lantarki irin nata, wanda mai yiwuwa kamfanin ya daina yi, idan kuma ka sayo wata bayan shekara uku don cike gurbi, da wuya launinta ya zo daidai da na 'yan'uwanta. Haka nan fitilar da ke watsa launi ba za ta yi aikin wadda ke yanka haske da wuƙaƙe ta fitar da siffar taga ko ƙofa a ƙasa ba, ko da an rubuta LED a jikin duka biyun.

Duk da haka, zama wuri ɗaya ba zai yiwu ba. A 2018 Tarayyar Turai ta fito da daftarin dokar tsimin wuta wanda, da ya wuce yadda aka rubuta shi, da ya hana sayar da kusan dukkan ƙwayayen dandamali. Masu tsara haske, musamman a Birtaniya, suka tashi tsaye da koke, har dokar da ta fara aiki a ranar 1 ga Satumba 2021 ta keɓe nau'o'i da yawa na fitilun wasa. An sami sa'ida, amma masana'antun da ke yin ƙwan tangistin suna ta raguwa tunda gidaje da ofisoshi sun daina saye, kuma akwai nau'o'in da tuni samunsu ya zama aiki. Zauren da ya ce shi ba zai taɓa canzawa ba, wata rana zai nemi ƙwai ya rasa.

Shawarata ga masu kula da zauruka, na makarantu ne ko na gwamnati ko na 'yan kasuwa, ita ce su bi abin daki-daki, su fara da inda ribar take a fili. A canza fitilun aiki da na wurin zama tukuna. Daga nan a koma kan masu wanke bangon baya da launi da masu haskowa daga bayan 'yan wasa, inda fitila guda za ta ɗauke aikin uku ko huɗu masu leda daban-daban. Fitilun gaba masu haska fuska su zama na ƙarshe, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffi da sababbi suna zama lafiya a dandamali guda idan an daidaita farinsu. Waɗanda aka sauke kada a yi gwanjonsu da gaggawa, a goge su a adana, za su ba da kayan gyara. A tuna kuma cewa duk wasan da aka riga aka tsara haskensa da tsofaffin fitilu sai an zauna an sake tsara shi fitowa bayan fitowa, wannan kuma kwanaki yake ci, dole a sa shi cikin lissafi tare da waya da tebur da horar da ma'aikata.

Kafin a biya ko sisi, a ce wa dillali ya kawo fitila biyu ko uku aro. A rataya su a inda za su zauna, gefe da gefe da tsohuwar, a kashe sauran fitilun zaure. A kira 'yan wasa uku ko huɗu masu launin fata daban-daban, su sa tufafin wasa, ja da ruwan ɗorawa da fari, su tsaya a ƙarƙashi. Mai riƙe da kuɗi ya zauna a kujerar tsakiya, mai ba da umarni a gefensa. A sa ma'aikaci ya sauke hasken daga sama zuwa duhu cikin daƙiƙa talatin, kowa ya yi shiru a saurari fanka, wani kuma ya ɗauki bidiyo da wayarsa a duba ko akwai ratsi. Gwajin ba zai ci awa guda ba. Dillalin da ya amince da kayansa ba zai ƙi ba, wanda kuma ya fara kawo uzuri, a gode masa a nemi wani.

Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka mai karatu,
Wani ma'aikacin hasken dandamali